Bayan An Sallamo Shi Daga Dala: Lacca Kan Fitsari, Bayan Gida da Fatar Mai Raunin Laka

Ranka ya daɗe Hakimi, dagatai da masu unguwanni, Allah ya gafarta malamai, iyayenmu mata, 'yan'uwana ma'aikatan lafiya da kuka taso daga Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, da ku da kuka shigo a kan keke, da waɗanda suka turo ku, barkanku da zuwa Karkarna. Ina neman afuwar manya tun daga farko, domin maganar yau ta fitsari ce da bayan gida da gyambo, kuma zan kira kowanne da sunansa. Idan na sakaya, mai jinyar da ta zo don ta koyi abu za ta koma gida hannu rabbana.

Duk mun san yadda abin yake faruwa. Mota ta ƙwace a hanyar Kano zuwa Daura, ko ɗan acaɓa ya faɗi da fasinja, ko yaro ya zame daga kan kuka yana ɗibar ganye, ko katanga ta rufto da damina, ko rijiya ta rufta da mai haƙa. Wani kuma babu hatsarin komai, tarin fuka ne ya ci ƙashin bayansa a hankali har ƙafafu suka mutu. A kwashi mutum zuwa babban asibitin Kazaure, daga nan a tura shi asibitin ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano. A sayar da akuya, a jinginar da gona, a yi makonni ana kwana a barandar asibiti. Ranar da aka sallamo shi, tambayar kowa ɗaya ce: zai taka? Daga nan kuɗin da ya rage ya tafi wajen mai ɗori da mai tofi da mai turare, duk don ƙafa. Ƙafar da ba ta motsi kuwa ba ta kashe mutum. Abin da ke kai mutanenmu kabari bayan sun dawo gida shi ne ƙodar da fitsari ya lalata da gyambon da ya ci nama har ƙashi, kuma duka biyun an san maganinsu tun kafin a haifi yawancin waɗanda ke zaune a nan.

A yaƙin duniya na ɗaya, likitan Amurka Harvey Cushing ya ruwaito cewa kusan kashi 80 cikin 100 na sojojin da suka samu raunin laka sun mutu cikin makonnin farko, kuma abin da ya kashe su cutar mafitsara ce da gyambon kwanciya. Haka Turawa suke a lokacin, kamar yadda muke yanzu a ƙauyukanmu. A watan Fabrairun 1944 aka damƙa wa wani likita mai suna Ludwig Guttmann, wanda ya gudo daga Jamus, sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila. Bai haɗa lakar kowa ba, har yau ma babu wanda ya iya haɗa ta. Ya kafa doka ne cewa a juya kowane mara lafiya duk bayan awa biyu, dare da rana, a kuma riƙa zura roba a kwashe fitsari a kan lokaci sannan a zare ta. An san shi da shiga ɗakin marasa lafiya da tsakar dare don ya ga ko an juya su. Mutanen da aka yanke wa ƙauna suka rayu, har a 1948 suka yi gasar harbin kibiya a kan kekuna, wadda daga baya ta zama gasar nakasassu ta duniya. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 15 ke rayuwa da raunin laka, kuma rahotonta na 2013 ya nuna sun fi sauran mutane haɗarin mutuwa da wuri da ninki biyu zuwa biyar, abin ya fi muni a ƙasashe irin namu.

A 2004 wata mai bincike a Amurka, Kim Anderson, ta yi abin da likitoci suka daɗe ba su yi ba: ta tambayi masu raunin da kansu, su 681, me suka fi so ya dawo musu. Waɗanda hannuwansu suka shanye suka ce hannu. Waɗanda abin ya tsaya musu a ƙafafu suka sa saduwar iyali a gaba. Iko da fitsari da bayan gida ya zo a sahun farko wajen ɓangarorin biyu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma na tabbata da za a tambayi na nan Yankwashi, amsar ba za ta yi nisa da wannan ba. Mutum yana iya zuwa kasuwa a kan keke. Wanda yake tsoron ya jiƙe a cikin sahu ko ya ɓata wando a majalisa, shi ne ba ya fita ko ƙofar gida.

Mu fara da mafitsara, a nan zan fi daɗewa. Laka ce ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da mafitsara. Idan ta samu rauni, wani mafitsararsa takan saki ta yi ta cika ba ta matsewa. Wani kuma takan matse da ƙarfi a daidai lokacin da ƙofar fitar ta ƙi buɗewa, kamar a tayar da injin ban-ruwa a fadama alhali an toshe bakin tiyo. Fitsarin sai ya koma sama ya danne ƙoda. Abin da ke yaudarar mai jinya shi ne ganin zane a jiƙe. Sai ta ce ai yana fitsari. Wannan ɗigar ambaliya ce kawai, mafitsara tana nan a cike. A 1981 wani likita mai suna Edward McGuire ya auna ƙarfin matsin a jikin yaran da aka haifa da matsalar laka, ya gano cewa idan ya wuce santimita 40 na ruwa, ƙoda tana cikin haɗari. Ƙoda kuwa ba ta kuka sai ta kusa ƙarewa.

A asibitocinmu, abin da aka saba shi ne a sa robar fitsari mai zama, a rataya jaka, a sallami mutum. Na taɓa shiga wani ɗaki a ɗaya daga cikin ƙauyukan nan na tarar da saurayi a kwance, robar da aka sallamo shi da ita tun kafin damina tana jikinsa har an yi girbi. Jakar ta tsage an ɗaure bakin tiyon a cikin gorar lemo, gorar kuma tana kan katifa daidai da cikinsa, fitsarin ya yi kauri da fari-fari kamar ƙasari. Mahaifiyarsa mace ce mai tsafta, ɗakin a share yake tas. Babu wanda ya taɓa ce mata ana canza robar. Don haka ku ji: irin robar da ake samu a nan, kada ta wuce wata guda ba a canza ba. Jaka kullum a ƙasa da mafitsara, kada tiyo ya lanƙwashe, kuma ga namiji a manne robar da filasta a kan mara don kada nauyinta ya yi ta ja har ya tsaga gaba.

Amma akwai hanyar da ta fi wannan ga wanda hannuwansa ke aiki, ko yake da mai taimaka masa. A 1972 Jack Lapides na Jami'ar Michigan ya nuna cewa ba sai da kayan tiyata ake zura roba ba. Ya lura cewa mafitsarar da aka bari ta kumbura ita ce ke kamuwa da cuta, domin jini ba ya zagaya bangonta yadda ya kamata. Kwashe fitsari a kan kari ya fi muhimmanci a kan a ce robar ba ta da ƙwayar cuta ko ɗaya. Mutum ya wanke hannu da sabulu, ya wanke gabansa, ya shafa wa siririyar roba man santsi irin na asibiti, ya zura a hankali har fitsari ya fara zuba a kwano, ya jira ya tsaya, ya zare, ya wanke robar ya shanya ta a wuri mai tsafta. Duk bayan awa huɗu zuwa shida, yadda abin da zai fito ba zai wuce rabin lita ba, wato ledar fiya-wata guda. Ga Musulmi lissafin ya zo da sauƙi, a ɗora shi a kan lokutan salla, a ƙara ɗaya da hantsi da ɗaya kafin barci. Ma'aikacin lafiya ne zai koya wa mutum karon farko, mace ta koya wa mace da madubi. Idan mafitsarar mai yawan matsewa ce, likita yakan haɗa da ƙwayar oxybutynin.

Ga tambayar da ta fi shafar aljihunmu: roba ɗaya sau nawa za a wanke a sake amfani da ita? A Turai da yawa suna yar da ita bayan amfani ɗaya. Masana sun yi ta ja-in-ja a kai. Bitar da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2014 an janye ta a 2017 bayan suka, sabuwar ta 2021 kuma ta ce hujjar da ke hannu ba ta da ƙarfin yanke hukunci. Wanda zai iya sayen roba biyar a rana bai damu da amsar ba. Mu ne muka damu, mu da ke wanke ta da ruwan burtsatse a zafin Afrilu, don haka ɗaliban jinya na Babura da likitocin Kano da Dutse su ne ya kamata su bi wannan tambaya gida-gida su rubuta abin da suka gani.

Kuskure biyu nake yawan gani. Na farko, rage shan ruwa don kada a jiƙe. Wannan yana kawo tsakuwa da cuta, lita biyu a rana ita ce ma'auni, da bazara a ƙara. Na biyu, zuwa kemis a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta duk lokacin da fitsari ya yi wari. Kusan duk mai amfani da roba yana da ƙwayoyin cuta a mafitsara, kuma ba a ba su magani sai sun kawo zazzaɓi, ko rawar sanyi, ko ƙaruwar sanƙarewar ƙafafu. Shan magani barkatai shi ke sa ranar da ake buƙatarsa ya ƙi aiki.

Allah ya gafarta malamai, a nan muna buƙatarku. Na san waɗanda suka daina salla don suna ganin ba su da tsarki. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, hukuncin salisul bauli sananne ne: fitsarin da ke zuba ba da ikon mutum ba a mafi yawan lokaci ba ya warware alwala. Ga taimama, ga salla a zaune ko a kwance, ga rangwamen azumi ga wanda ƙishirwa za ta cutar da ƙodarsa. Ku kun fi ni sanin wannan. Roƙona ku faɗe shi a kan mumbari, ku kuma bi su har ɗaka ku faɗa musu.

Bayan gida kuma lamarin saba wa jiki ne da lokaci ɗaya. Hanji yakan motsa da kansa bayan an ci abinci, don haka a zaɓi lokaci, misali minti 20 zuwa 30 bayan kokon safe, kullum ko bayan kwana ɗaya, kada a canza. Wanda rauninsa ke sama, hanjinsa na amsa taɓawa: a sa maganin matsi na dubura, sannan a sa yatsa cikin safar hannu da man santsi a juya a hankali. Wanda rauninsa ke can ƙasan baya, duburarsa a sake take, sai dai a kwashe da yatsa. Aiki ne mai nauyi a zuciya, musamman ɗa da mahaifi, ko matar da mijinta ya juya mata baya. Amma idan ya kankama, mutum yakan wuni a shago ba fargaba. Masai ɗinmu na tsuguno ne, wanda ba ya zama a kan ƙafafunsa ba zai iya ba. Kafinta na iya huda kujera a lulluɓe bakin da soso, a ɗora a kan masai ko bokiti. Wanda bai iya zama ba ya kwanta ta gefen hagu. Abinci kuwa Allah ya hore mana: kuka, kuɓewa, zogale, rama, wake, da gero wanda ba a surfe shi ƙarƙaf ba. A guji kanwa da jiƙe-jiƙen wankin ciki, zawo ga wanda ba ya ji masifa ce ga fatarsa. A Denmak an gwada wanke hanji da ruwa ta dubura da wata na'ura, binciken 2006 ya nuna ta rage ɓata jiki da taurin bayan gida, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin yawancinmu.

Abu na gaba ina so kowane ma'aikacin ƙaramin asibiti ya riƙe shi da kyau. Mai rauni daga tsakiyar ƙirji zuwa sama, idan robarsa ta toshe ko hanjinsa ya cushe, jininsa na iya hawa farat ɗaya. Kai ya sara kamar zai tsage, gumi ya karyo a fuska da wuya, hanci ya toshe. Sau da yawa a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko iska, a kwantar da shi. Kwantarwar ce haɗari. A zaunar da shi tsaye ƙafafu a ƙasa, a sassauta tufafi da ɗaurin wando, a duba roba nan take, in ba ita ba ce a duba dubura. In an cire dalilin, jinin yakan sauka cikin mintuna. In an bari, jijiya na iya fashewa a ƙwaƙwalwa.

Sai fata. Mu da ke da lafiya muna gyara zama ba mu sani ba, domin jiki na gaya mana ya gaji. Shi ba ya jin komai. Naman da ke tsakanin ƙashi da tabarma yana rasa jini, ya mutu daga ciki, kafin a ga rami a waje ɓarna ta yi nisa. Tun 1959 wani likita mai suna Michael Kosiak ya nuna cewa nauyi da tsawon lokaci ne ke haɗuwa su yi wannan aiki. Littattafan Turawa suna cewa a nemi ja a fata, mu kuwa fatarmu baƙa ce, jan ba ya fitowa. A fito da mutum haske safe da yamma, a duba da ido a kuma shafa da hannu: ƙarshen gadon baya, kwankwaso, ɗuwawu, dunduniya, idon sawu, allon kafaɗa. Wurin da ya fi kewayensa duhu, ko ya yi tauri, ko ɗumi, ko sheƙi, gyambo ne ke sallama. Kada a murza shi. A ɗauke masa nauyi gaba ɗaya har ya koma daidai. Juyi duk awa biyu, filo tsakanin gwiwoyi, filo a ƙarƙashin ƙwauri don dunduniya ta yi lilo. Mace ɗaya ba za ta iya wannan dare da rana ba, dole a yi karɓa-karɓa, kuma maza su shigo ciki. A kan keke, an daɗe ana koya wa mutane su ɗaga jiki da hannu na 'yan daƙiƙu, sai binciken da aka yi a Stoke Mandeville a 2003 ya nuna fata na buƙatar kusan minti biyu kafin jini ya dawo mata, don haka sunkuyawa gaba ko karkata gefe ya fi amfani. Keken da aka raba a taron siyasa ba tare da matashin zama mai kauri ba, gyambo aka raba. Zoben tsumma ko tayar da ake sa wa a zauna a kai ma yana ƙara datse jini.

Da hunturu a kula da kaskon wuta kusa da ƙafa, da ruwan wanka, da salansar babur. Da bazara, ƙarfen keken da ya sha rana. Idan gyambo ya riga ya buɗe, a wanke da ruwan gishiri, giram 9 a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, a rufe da bandeji mai tsafta. Ba toka, ba garin kafso, ba man juye. Mutane za su tambaye ni batun zuma. A 1988 Spencer Efem na Kalaba ya wallafa sakamakon jinyar marasa lafiya 59 masu raunukan da suka ƙi warkewa, zuma ta taimaki kusan dukkansu. A kan gyambon kwanciya kuwa hujjar ba ta yi ƙarfi ba tukuna, kuma babu zumar da za ta warkar da ramin da ake ci gaba da kwanciya a kansa. A ba shi ƙwai da wake da nono da ƙuli-ƙuli, nama ba ya tsirowa da koko zalla. Kada wanda gyambo ya kama ɗansa ya ɗauka gazawarsa ce shi kaɗai: Christopher Reeve, ɗan fim ɗin Amurka da ya faɗo daga doki a 1995, da duk dukiyarsa da ma'aikatan jinyarsa, yana fama da gyambon da ya harbu lokacin da ya rasu a 2004.

Duk abin da na faɗa ya shafi jariran da ake haifa da ƙullutu a gadon baya. Su ma a fara kwashe musu fitsari da wuri, uwa na iya koya. Kuma tun 1991 babban gwaji ya nuna ƙwayar folik asid ta rage maimaituwar wannan matsala da kusan kashi 70 cikin 100, amma sai an fara sha kafin ciki ya shiga, ba ranar awon farko a wata na biyar ba.

Za ku ji labarin manyan bincike a waje: allurar Botox a bangon mafitsara, wadda Amurka ta amince da ita a 2011, da na'urar da ake dasawa a kan laka tana aika lantarki, wadda ake gwadawa a Amurka da Suwizalan. Ina yi musu fatan nasara. Za ku kuma ji masu tallar warkarwa a Indiya ko a Facebook. Kafin ku sayar da gona, ku je Dala ku tambaya.

Abin da ya rage namu ne. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya ta samu sa hannu a Janairun 2019, kuma Jigawa ta riga jihohi da yawa tun 2007 da ta fara ba nakasassu alawus na naira 7,000 a wata. Amma wanda ke kwance a ƙuryar ɗaki ba ya zuwa layin rajista. Ranka ya daɗe, ina roƙon a umarci kowane mai unguwa ya kawo wa asibitin mazaɓarsa sunan duk mai raunin laka da ke ƙarƙashinsa, namiji da mace, domin matan su ne aka fi ɓoyewa. Ma'aikacin wurin ya buɗe littafi: ranar rauni, dalilinsa, irin robar da yake amfani da ita, ranar da aka canza ta, akwai gyambo ko babu. Ya leƙa shi sau ɗaya a wata. Sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya ajiye roba mai lamba 12 da 14, da man santsi da safar hannu, a kantin maganin kowace mazaɓa, yadda ba sai an hau mota zuwa Kazaure ba. Idan Yankwashi da Roni da Gwiwa da Kazaure da Babura suka riƙe wannan littafi shekara biyu, za mu san mutum nawa ne, me ke kwantar da su, wane wata gyambo ya fi yawa, kuma za mu sami abin ajiyewa a gaban Ma'aikatar Lafiya a Dutse lokacin kasafin kuɗi.

Masu jinya kada ku tafi bayan an tashi. Mata su bi ma'aikaciyar jinya ɗakin da ke gefe, maza su tsaya a nan, za a nuna yadda ake juya mutum da zanen gado ba tare da an ja fatarsa ba, da yadda ake riƙe roba.